Burtali a Gidan Man Ɗanmusa

La'asar ta yi sanyi, rana ta koma ja a bayan itatuwan gulbi, lokacin da Hayatu ya rataye bakin famfo ya zauna a kan benci a gindin bango. Tun azahar babu motar da ta tsaya. Hanyar Anka ta kwanta shiru kamar yadda ta saba a 'yan shekarun nan, domin duk direban da ke son ya kwana a gidansa yakan shigo Gummi tun rana tana sama. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Daga cikin gida yana jin matarsa Naja'atu tana kwasar tuwo, yana jin 'yarsa Rashida tana lallashin jaririnta Auwal. Ba ya jiran komai sai a kira magariba ya rufe.

Sai dutse ya faɗo a kan rumfar kwano.

Hayatu ya ɗaga kai a hankali, ya ɗauka yaran unguwa ne ke harbin tsuntsu. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, ya gangaro ya tsaya dab da ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauka. Dutsen gulbi ne, sumul, kuma a jiƙe yake, alhali an yi kwanaki ba a yi ruwa ba. Ya leƙa hanya gabas da yamma, babu ko akuya. A nan ne wani wari ya buge shi, warin da bai taɓa ji ba a wurin da hanci ya saba da fetur da gas: warin kashin shanu ɗanye da na madarar da aka tatsa yanzu.

Gidan man nan ya girmi Hayatu. Mahaifinsa, Alhaji Ɗanmusa, shi ya gina shi tun zamanin da manyan motocin gyaɗa da auduga ke bin hanyar, lokacin da babu inda za a sha mai tsakanin Anka da Gummi sai nan. Bai yi ginin bulo ba. Ya sa aka saro jan dutsen marmara, magina suka jera shi da ƙasa da makuba, suka yi rufin azara, suka fitar da zankwaye a kusurwoyi kamar soron attajiri. Har yau tsohon famfon da ake juyawa da hannu yana tsaye a gefe da kwalabensa biyu na gilashi, duk da an daɗe da daina aiki da shi. Matafiya kan tsaya su ɗauki hoto, sannan su wuce su sha mai a sababbin gidajen mai na cikin gari.

Abin da kowa ya fi tambaya a kai shi ne ƙofar tsakiya. Ginin dogo ne, ofis a dama, ɗakin ajiya a hagu, amma a tsakaninsu Alhaji ya bar wata hanya mai faɗi, da bakan gizo a samanta, wadda ta ratsa ginin daga filin baya zuwa gaban famfo. Ba ta da ƙyaure, ba ta kai mutum ko'ina sai fili da ciyawa. A bayanta akwai komin dutse, wanda Alhaji ke cikawa da ruwa kullum da yamma har ya tsufa. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce don iska ta riƙa ratsawa. A ciwon ajalinsa ya kama hannun Hayatu ya ce kada a sa wa ƙofar nan ƙyaure, bai ƙara komai ba.

Hayatu ya riƙe maganar shekaru da yawa. Amma a farkon daminar nan, da magariba, wasu mutane masu bindiga suka ɓullo ta ƙofar daga filin baya, a kan babura, suka cika jarkokinsu, suka kwantar da shi a ƙasa da bakin bindiga a ƙeyarsa, suka koma ta inda suka fito. Ƙofar cikin gidansa tana nan a gefen hanyar, taku kaɗan daga inda suka tsaya. Washegari jami'ai suka zo suka ce idan man gidan nan ya sake shiga daji, za a rufe wurin a tafi da shi. A makon ya kira Maikuɗi magini, aka toshe ƙofar da bulo da siminti tun daga ƙasa har bakan gizo. Farin bangon ya tsaya a cikin jan dutse kamar tabo a fuska. Hayatu bai so ganinsa ba, amma ya sami barci.

Jifan bai tsaya a ranar farko ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka, a kan rumfa, a tsakar gida, a cikin tukunya. Ba su taɓa samun kowa ba. Bayan jifa sai aka fara jin motsi a bayan sabon bangon, motsin ƙafafu masu yawa suna tattaka ƙasa, da huci, da gogar ƙaho a jikin bulo. Wani lokaci a ji wata murya can ƙasa-ƙasa tana kiran dabbobi, kira mai tsawo irin na makiyaya. Idan aka zagaya da fitila sai a tarar da fili fayau, ciyawa ko kwanciya ba ta yi ba. Da an idar da sallar isha'i sai komai ya ɗauke.

Maƙwabta suka daina aiko yara sayen kananzir. 'Yan acaɓa da ke tsayawa su sha lita ɗaya suka koma wani wuri. Naja'atu ta turara habbatussauda, ta yayyafa ruwan addu'a a kusurwoyi, ta gaji ta bari.

Rashida kuwa dama tun dawowarta ba ta cika magana ba. Aure ya kai ta Gwashi, can ƙasar Bukkuyum, ta zauna lafiya har ranar da mutanen ƙauyensu suka watse cikin dare ɗaya. Ta iso gidan ubanta da goyo da ƙunshin kaya a ka, mijinta Musbahu ya wuce Sakkwato neman abin yi. Hayatu ya lura idan motsin ya fara, kowa yakan shige ɗaki, ita kuwa sai ta tsaya a tsakar gida ta karkata kai tana saurare.

Wata magariba Naja'atu ta fito da gudu ba mayafi.

"Malam, taho ka ga ɗiyarka."

Ya tarar da Rashida a gaban sabon bangon. Ta ɗora taɓarya a kafaɗunta ta rataya hannuwa a kai, yadda makiyayi ke yi da sandarsa, ta tsaya da ƙafa ɗaya, goshinta a jikin bulo. Ya kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Da ya taɓa kafaɗarta sai ta juyo da ido a kafe, ta yi magana da muryar tsohuwa, da Fulatancin da Rashida ba ta sani ba in ban da na cinikin nono. Mutum uku suka kasa raba ta da taɓaryar.

Daga ranar ba ta sake sanin ɗanta ba. Idan aka miƙa mata Auwal sai ta dube shi kamar ɗan wani, ta kawar da kai. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Naja'atu ta riƙa ɗura masa madarar gari da cokali, yana amayarwa, wuyansa ya fara lanƙwasa. An kai Rashida asibiti, aka auna ta aka ce ba a ga komai ba. An kawo rubutu ta sha, an yi mata hayaƙi. Da rana tana kwance kamar tsumma, da yamma ta miƙe ta koma gaban bango.

Wan Naja'atu ne ya ambaci Malam Dikko na Anka, wani dattijo mai karatu da ruƙiyya, wanda ya tashi a ruga kafin ya zauna gari. Hayatu bai yi gardama ba, ƙarfin gardama ya ƙare masa. Ya tura mota da safe, ya wuni yana duban hanya, don ya san abin da hanyar ke yi wa mutane. Malam ya iso bayan azahar, siriri, da farin gemu da buta a hannu. Bai nemi ganin marar lafiya ba tukuna. Ya zagaya ginin a hankali, yana shafa dutsen da tafin hannu, ya daɗe a tsaye gaban komin da ya bushe, ya daɗe gaban farin bangon.

"Wa yat toshe nan?" ya tambaya.

"Ni na, Malam."

Malam Dikko ya gyaɗa kai, ya ce a shimfiɗa tabarma a ofis.

Da rana ta kusa faɗuwa aka shigo da Rashida, Naja'atu na riƙe da ita. Ɗakin ya yi duhu da wuri saboda kaurin bango. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, murya a kwance, ba ya ɗagawa ba ya saukewa. Dutse ya faɗo a kan rumfa, wani ya biyo. Rashida ta fara rawar jiki, ta toshe kunnuwa, ta yi wani nishi mai tsawo. Malam bai tsaya ba. Ya kai tsakiyar wata sura sai muryar tsohuwar ta fito, a gajiye, ba da faɗa ba.

"Mi tampi," ta ce. "Na gaji, Malam. Bar ƙona ni, ga ni."

"Tsaya ga Hausa mai gida shi ji. Musulma ta ke?"

"Musulma ta ni, tun kakan kakanka bai san alwala ba."

"To mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

Kan Rashida ya juya a hankali har idanun suka sauka a kan Hayatu.

"Hanya nika nema. Wanga wuri burtalina na. Nan nika bi da shanuna in kai su gulbi tun babu garin ga. Da ubanai yaz zo gini, kullum sunka aza tsakiyar bango sai su iske shi ƙasa da sahe. Shi mutum na mai hankali. Yaz zamna nan da magariba shi ɗai, yac ce wanda na taka, shi yi mani magana. Niz zo mai da ƙwaryar nono awa kowace Bahillata. Munka yi magana. Yab bar mani ƙohwa, yag gina mani komi. Bai roƙe ni arziki ba, ban ba shi ba. Maƙwabtaka ɗai munka yi."

Hayatu ya tuna mahaifinsa da bokiti biyu, yana ɗingishi zuwa bayan gini, yana hana kowa ya karɓa masa.

"Ba ki iya kewayawa?" in ji Malam. "Ga fili ko'ina."

"Ku ka kewayawa. Mu inda anka shata muna, nan muka bi. Shanuna na nan bayan bangon ga tsaye tun randa anka toshe shi, ba su sha ba. Na yi jihwa, ba ku ji ba. Na buga, ba ku ji ba. Wagga ɗai ta tsaya ta saurara, don ita ma ta san a kore ka daga wurinka."

"Shi ya sa kinka raba ta da jinjirinta? Ki ji kukanai. Wanga zalunci na, kuma kin san Wanda za ki tsaya gabanai."

Daga cikin gida kukan Auwal yana shigowa, siriri kamar na ɗan mage. Muryar tsohuwar ta ƙara yin ƙasa.

"A rushe bangon, a bar shi buɗe yadda yake. A yanka mani baƙin sa bisa komi. Sai in sake ta."

"Ba a yanka maki ko ɗan tsako," in ji Malam. "Jini na Allah na. Kin ce ke Musulma ta."

"To a bar san. A buɗe ƙohwa."

A nan Hayatu ya yi magana, bai san lokacin da ta fito ba.

"Ba ni iyawa, Inna." Ya ji kansa ya kira ta Inna, bai gyara ba. "Ta ƙohwar ga sunka shigo. Sun aza mani bindiga ga ƙeya, iyalina na bayan wancan ƙyaure. In na buɗe, su dawo. In sun dawo, ko su kashe mu ko hukuma ta tahi da ni. In ban buɗe ba, ki kashe mani ɗiya da jika. Ki gaya mani wanne zan ɗauka, don ni na rasa."

Idanun suka daɗe a kansa.

"Na gane su randa sunka zo," ta ce. "Ta cikin garkena sunka ratsa da baburansu. Kai kana tsammanin ku ɗai sunka hana ma barci? Dajin da nika kiwo can bayan Gwashi, yanzu ƙarar bindiga ta dare da rana. Inda babu bindiga, masu haƙar zinari sun rarake ƙasa, maruƙana na hwaɗawa rami. Tabkin da muka sha wajen ƙauyen Sunke ya gurɓace, ya kashe mani shanu ba adadi. Ba don in kai su gulbi in maido niz zo ba, ɗan Ɗanmusa. Tahiya za ni yi. Na tattaro abin da yar rage, za mu ƙetare gulbi mu yi yamma, ba mu dawowa. Niz zo in wuce ta ƙohwar da ubanka yab bar mani, nis same ta toshe."

Naja'atu tana kuka ba sauti, hannunta a kan bayan 'yarta.

Malam Dikko ya gyara zama. "Ashe wucewa ɗaya kika so."

"Ɗaya."

"To ki saki yarinya yanzu, ta ba ɗanta nono. Gobe kahin magariba a buɗe maki."

"In na sake ta, mi zan riƙa?"

Malam ya dubi Hayatu. Hayatu ya matso gaba ya ce:

"Ki riƙa bakina. Ni zan rushe shi da hannuna."

"Ubanka ya ba ni baki ya cika," ta ce. "Sai mu gani."

Malam ya sa ta rantse da Allah cewa ba za ta sake taɓa kowa a gidan ba, ta rantse. Ya ci gaba da karatu. Rashida ta miƙe ƙafafu, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin mahaifiyarta. Can ta buɗe ido ta dafe ƙirjinta, inda rigarta ta jiƙe.

"Inna, ina Auwal? Wa yab bar shi shina kuka haka?"

Washegari Hayatu ya ɗauki guduma tun da hantsi. Maikuɗi magini ya zo ya taya shi, amma da ya ji dalilin aikin sai ya tuna yana da wani aiki a cikin gari. Hayatu ya ci gaba shi kaɗai. Simintin da ya saya da tsada ya riƙe gam, kowane bulo sai ya sha duka kafin ya saki, kuma yana tsoron kada gudumar ta taɓa tsohon dutsen bakan gizo. Hannuwansa suka yi kanta suka fashe. Da la'asar haske ya ratsa ƙofar daga baya zuwa gaba. Ya kwashe ɓaraguzai, ya share, ya ɗebo ruwa bokiti bayan bokiti har komin ya cika ya tumbatsa.

Aka rufe matan gidan a ciki. Shi da Malam suka yi sallar magariba a gaban famfo, suka zauna a kan benci. Malam ya ce ya sunkuyar da kai, kome ya ji kada ya ɗaga.

Da farko iska ce ta fito ta ƙofar, mai ɗumi, mai warin garke. Sai ƙasa ta fara amsawa. Hayatu ya ji kofatai a kan dutse, da yawa, ba gaggawa, suna fitowa daga ƙofar suna ratsa gaban famfo suna hawa kwalta. Ya ji huci dab da gwiwarsa, ya ji jela ta shafi rigarsa. Kwalaben tsohon famfo suka riƙa kaɗawa suna ƙara siririya. Wasu ƙafafun suna ja, kamar na dabbar da ta rame. Ya zuba ido a kan yatsun ƙafarsa yana ambaton Allah, yana kuma kasa kunne ko zai ji ƙarar babur daga filin baya. Haka suka yi ta wucewa har jan sama ya mutu.

Daga ƙarshe sai taku ɗaya, na mutum, da sanda tana taɓa ƙasa. Ya zo daidai benci ya tsaya.

"Toshe abinka, ɗan Ɗanmusa," in ji muryar, a sarari, ba ta bakin kowa ba. "Babu mai biyowa."

Takun ya haye hanya ya nufi gulbi. Da Malam ya ce ya ɗaga kai, babu sawu ko ɗaya a ƙasa. Komin kuwa ya bushe ƙaf.

Malam Dikko ya koma Anka da safe. Hayatu ya aika aka kira Maikuɗi, ya ce wannan karon ba da bulo ba, a nemo marmara a jera yadda magina na da suka yi, ko da zai ɗauki wata guda. Kafin a gama, shi da wan matarsa suka riƙa kwana a bakin ƙofar bisa tabarma. Ba a sake jifa ba. Yamma ta riƙa zuwa ta wuce shiru, shirun da Hayatu bai taɓa ji a gidan ba tun yana yaro, har ya gane ashe duk rayuwarsa akwai wani motsi a wurin da kunnensa ya saba da shi.

Auwal ya murmure, wuyansa ya tsaya. Kafin ginin ya kai rabi Musbahu ya bugo waya ya ce ya sami ɗaki a Sakkwato, Rashida ta taho. Ranar tafiyarta ta fito da goyo ta sami mahaifinta yana miƙa wa magini dutse. Ba ta tuna komai na kwanakin ciwonta ba, amma Naja'atu ta ba ta labari.

"Baba," ta ce, "har su sun tashi sun bar ƙasar ga. Ku taho mu tahi, kai da Inna. Mi kaka tsaro nan?"

Hayatu ya ajiye dutsen. Ya dubi zankwayen da suka fara zaizayewa, ya dubi hanyar da babu kowa a kanta.

"In na tashi, wanda mai yaƙ ƙare mai tsakanin nan da Anka, ina za shi tsaya?" ya ce.

Ta buɗe baki za ta ce babu mai tsayawa, sai ta dubi hannuwansa ta fasa. Ya karɓi Auwal ya yi masa addu'a, ya raka su bakin hanya, ya tsaya har motar ta ɓace. Sannan ya dawo ya duƙa, a hankali saboda bayansa, ya ɗauki dutse na gaba.